Cika nono da kitsen jikin mace: amsa ga wata uwa daga Maradi

Wata baiwar Allah daga unguwar Ali Ɗan Sofo a nan Maradi ta aiko da tambaya, ta kuma roƙi a sakaya sunanta. Shekarunta 33, ƴaƴanta huɗu, ta yaye na ƙarshe wata takwas da suka wuce. Ta ce tun bayan yayen nan nononta ya zube, samansa ya shafe, ga kuma tumbi da ya ƙi komawa. Wata ƴar'uwarta mai zuwa saro kaya Istambul ta ba ta labarin cewa can ana zuƙe kitsen ciki a mayar da shi nono, kuma tun da kitsen na jikin mutum ne, babu wata illa. Tana so ta san ko gaskiya ne, ko abin yana ɗorewa, ko zai hana ta shayarwa nan gaba, da kuma ko yana jawo ciwon daji, domin ƙanwar mahaifiyarta da dajin nono ta rasu tana da shekara 40 da ƴan kai.

Hajiya, amin wa alaikumus salam. Allah Ya raya zuri'a, Ya jiƙan innarki da rahama. Tambayarki ba abin kunya ba ce. A shekarun da na yi ina aikin tiyata mata da yawa sun yi mini irinta, galibi sai an gama maganar abin da ya kawo su, sun miƙe za su fita, sannan su juyo su rage murya. Labarin da ƴar'uwarki ta ba ki yana da tushe, aikin sananne ne a wurin likitocin gyaran jiki, ana kuma yin sa a Faransa, Turkiyya, Tunisiya da wasu ƙasashe masu yawa. Sai dai yadda ake tallarsa daban, yadda yake a ɗakin tiyata daban, kuma bisa ga abin da kika bayyana game da kanki, ina ganin ba shi ne zai biya miki babbar buƙatarki ba, ba kuma yanzu ne lokacinsa ba. Ga dalilaina.

Abin da ke fara ruɗar mutane shi ne yadda ake ba da labarin, kamar dai ana ɗebo mai daga wannan kwano a juye a wancan. Kitsen jikin ɗan Adam nama ne mai rai, tarin ƙananan ƙwayoyin halitta ne da ke samun abincinsu daga jini, kuma da zarar an raba su da jijiyoyin da ke ciyar da su sai su fara galabaita. Saboda haka sunan da ya dace da aikin nan shi ne dashe. Wanda ya taɓa tsayawa a fadamar Gulbi ya ga masu lambu suna dashen albasa, ya san ba a cusa damin iri a rami guda. Ana rarraba shi ɗaya bayan ɗaya, kowane ya samu ƙasarsa da laimarsa, kuma duk da haka wani zai kama, wani ya bushe. Haka kitsen yake. A kwanakin farko yana rayuwa ne da ɗan ruwan da ke tsatsowa daga naman da ke kewaye da shi, kafin sababbin jijiyoyin jini su tsiro su shige shi. Binciken da Kotaro Yoshimura da abokan aikinsa na Jami'ar Tokiyo suka wallafa a 2012 ya nuna cewa ƙwayoyin da ke tsira kai tsaye su ne waɗanda ba su wuce kimanin sulusin milimita daga gefen dunƙulen ba. Na gaba da su suna mutuwa, amma jiki yana iya maye gurbinsu da sababbi, na can tsakiya kuwa sun tafi ke nan. Duk ƙa'idojin aikin daga wannan suka samo asali.

Yawanci ana sa mace barci gaba ɗaya. Likita zai huda ƴan ƙananan kafofi na milimita 3 zuwa 4 a fatar ciki, kwiɓi ko cinya, ya fara cika wurin da ruwan gishiri mai haɗe da maganin kashe zafi da wani maganin da ke tsuke jijiyoyi don rage zubar jini, sannan ya tura siririn bututun ƙarfe mai dakusasshen baki ya zuƙo kitsen a hankali. Abin da ke fitowa gauraye yake da jini da ruwa da man ƙwayoyin da suka fashe, don haka dole a tsarkake shi, ko dai a bar shi ya kwanta, ko a wanke a tace, ko a sa shi cikin na'ura mai wulwulawa. Sydney Coleman, likitan birnin Niyu Yok da ya daidaita hanyar a shekarun 1990, yakan wulwula shi juyi 3,000 a minti har tsawon minti 3, sai ya rabu gida uku: mai a sama, jini da ruwa a ƙasa, kitse mai amfani a tsakiya. Na tsakiyar nan ake ɗurawa cikin ƙananan sirinji a shimfiɗa shi zare-zare, kowane zare bai fi kaurin milimita 2 ba, a ƙarƙashin fatar nono, da bayan naman da ke samar da ruwan nono, da cikin tsokar ƙirji ko samanta. Ba a zuba shi cikin naman nonon kansa. Hannun likita yakan shiga ya fita sau ɗaruruwa kafin a gama, shi ya sa aikin ke cin awa 2 zuwa 3, wani lokaci ma fiye.

A zama ɗaya, abin da nono kan iya karɓa lafiya yana tsakanin mililita 200 zuwa 300, wato bai cika gwangwanin lemo ɗaya ba, kuma kafin a samu wannan na nonuwa biyu sai an zuƙo abin da ya kusa lita guda ko ya ɗara. Daga cikin abin da aka dasa, wanda ke zama daram galibi rabi ne zuwa kashi 70 cikin 100, sauran kuwa jiki yana shanye shi cikin wata 3 zuwa 6. Likitoci sun daɗe da sanin haka, domin tun a 1950 wani likitan Amurka mai suna Lyndon Peer ya auna ya ga kitsen dashe yana rasa kusan kashi 45 cikin 100 na nauyinsa cikin shekara guda. Idan kin lissafa, wadda aka dasa wa mililita 250 za ta tashi da wajen 150, wanda a aikace ƙarin lamba ɗaya ne a rigar nono. Hotunan da ake yaɗawa a Instagram da WhatsApp yawancinsu an ɗauke su ne cikin kwanakin farko, lokacin da kumburi ya cika wurin, don haka duk wanda ya nuna miki hoto ki nemi na bayan wata shida. Mai son fiye da lamba ɗaya sai ta koma zama na biyu bayan watanni, da sabon kuɗi da sabon maganin barci. Likitan da ya yarda ya cusa ninki biyu a zama ɗaya don ya faranta ran mai biya, ya koma ga damin albasa a rami guda ke nan: tsakiyar zai mutu, ya narke ya zama jakar mai, ko ya taurare ya zama ƙullutu mai ciwo.

Kitsen da ya kama ya zama naki har abada, amma da halinsa na kitsen ciki ya zo. Idan kin yi ƙiba zai ƙaru, idan zazzaɓin cizon sauro ko taifot ko wahalar goyo ta ramar da ke, zai ragu tare da sauran jiki.

Babbar matsalar a wurinki ita ce kin ce nonon ya zube, ba ki ce ƙanƙane ne tun asali ba, kuma abubuwa biyu ne mabambanta. Lokacin juna biyu naman nono yana kumbura ya miƙe fata da ƴan zarurrukan da ke riƙe shi a ƙirji, bayan yaye naman ya koma ya bar fatar da faɗinta, kamar buhun da aka rage wa hatsi. Sau huɗu wannan ya faru da ke. Akwai gwajin da za ki iya yi da kanki a gaban madubi, wanda kuma shi ne ma'aunin da wata likita ta ƙasar Kanada, Paule Regnault, ta tsara a 1976, har yau ana aiki da shi: ki duba inda kan nono yake idan an kwatanta shi da lanƙwasar da ke gindin nono. Idan kan nonon yana sama da lanƙwasar, sama ne kawai ya shafe, to kitse zai iya mayar da ɗan cika a wurin, kuma a nan ne aikin ya fi kyau. Idan kan nonon ya sauka daidai da lanƙwasar ko ƙasa da ita, kitse ba zai ɗaga shi ba, nauyi kawai zai ƙara wa fatar da ta riga ta saki. Abin da ke ɗaga nono wani aiki ne daban, na yanke rarar fata a matsar da kan nono sama, kuma yana barin tabo a kewayen baƙin kan nono, da layi zuwa ƙasa, wani lokaci har da na tsawon lanƙwasar. A fatarmu ta baƙaƙe wannan ba ƙaramar magana ba ce, saboda wasu jikinsu yana yin tabo mai tudu da ke ci gaba da girma yana ƙaiƙayi, kuma ƙirji na cikin wuraren da ya fi so. Ki duba hudar kunnenki da duk wani tsohon rauni, za su gaya miki halin fatarki.

Bari in ɗan kauce in kare shayarwa, domin ana ɗora mata laifin da ba nata ba. Binciken da Brian Rinker ya yi a jihar Kentaki ta Amurka ya nuna cewa yawan juna biyu, shekaru, girman nono tun farko, ƙiba da shan taba su ne ke tafiya tare da zubewar nono, shayarwa ita kanta ba ta ƙara komai a kai ba. Kada wata amarya ta karanta wannan ta hana jaririnta nono da sunan tsare ƙirji.

Shi ma tumbin yana bukatar a duba shi kafin a yi masa lissafi. Bututun zuƙe kitse yana kaiwa ne kawai ga kitsen da ke tsakanin fata da tsoka, wanda za ki iya mintsinowa da yatsu. Tumbin mace mai haihuwa huɗu sau da yawa sakin fata ne, da rabewar tsokar ciki gida biyu, ko kitsen da ke can ciki tare da hanji, kuma babu ɗaya daga cikin ukun da zuƙa ke gyarawa. Cire kitse daga ƙarƙashin fatar da ta saki ma yakan ƙara mata yamutsewa. Haka kuma idan cibiyarki tana da tudu ko tana bullutsowa in kin yi tari, dole likita ya sani, domin akwai yiwuwar hanji yana leƙowa ta wurin, kuma huda hanji da bututun na daga cikin kurakuran da ke kisa.

Maganar daji ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, kuma tana da tarihi. Dashen kitse a nono ya girmi silikon, wato jakar roba mai taushi da ake sa wa nono don ƙara masa girma, da nisa: a 1895 wani likitan Jamus, Vincenz Czerny, ya cire wa wata mata ƙari daga nono, ya cike gurbin da ƙullutun kitsen da ya yanko daga bayanta, alhali jakar silikon sai a 1962 aka fara sa wa mace a Amurka. Da likitan Faransa Yves-Gérard Illouz ya yaɗa hanyar zuƙe kitse da bututu a ƙarshen shekarun 1970, kitse ya samu a sauƙaƙe, sai wasu suka fara mayar da shi nono. A 1987 ƙungiyar likitocin gyaran jiki ta Amurka ta fito ta yi tir da hakan. Hujjarta ita ce mataccen kitse yana barin ƙullutai da ƴan ɗigo-ɗigon kalsiyam, sinadarin da ke cikin ƙashi, masu fitowa fari a hoton nono, shi ma daji yakan fara bayyana ne da farin ɗigo-ɗigo, don haka ana tsoron a rikita su, ko dai a ɓata lokaci ana yankar abin da ba daji ba, ko kuma a ga daji a ce ai kitsen da aka dasa ne. Kusan shekara 20 aikin yana zaman saniyar ware, har Coleman ya wallafa sakamakon matan da ya bi a 2007, Emmanuel Delay na birnin Liyon a Faransa shi ma ya tara nasa, na'urorin hoto kuma suka inganta, sannan a 2009 ƙungiyar ta sassauta matsayinta.

Tambayoyi biyu ne a nan. Ta farko, ko kitsen yana haifar da daji ko yana tayar da wanda ke kwance. A ɗakin gwaji an ga wasu ƙwayoyin da ke cikin kitse suna ƙarfafa ƙwayoyin daji idan an haɗa su wuri guda, amma a jikin mata da aka bi shekaru ba a ga ƙaruwar cutar ba. Cibiyar daji ta MD Anderson a Amurka ta wallafa a 2016 abin da ta gani a nonuwa sama da 1,000 da aka dasa wa kitse, mafi yawansu na matan da aka riga aka yi wa aikin daji, ba ta kuma samu cewa dajin ya fi dawowa gare su ba. Wannan abin kwantar da hankali ne. Ta biyu, ko kitsen yana ɓoye daji, kuma a nan ne gizo ke saƙa a wurinmu. Ƙwararren likitan hoto da ya saba ganin nonon da aka dasa wa kitse yana iya bambancewa, in ya yi shakka ya sa allura ya ɗebo ɗan nama a kai ɗakin gwaji. Wannan amincin ya ginu ne a kan cewa matar tana zaune kusa da na'urar mamogirafi, wato hoton nono na musamman, da ta eko, wato irin hoton da ake yi wa masu juna biyu, da likitan da ya san abin, da ɗakin gwajin nama. Ke kuwa bayan aikin gida za ki dawo. Dajin nono shi ne kan gaba a cikin dajin da ke kama mata a Nijar, yana kama matanmu da ƙuruciyarsu, kuma yawancinsu ba sa isowa asibiti sai ya yi nisa. Cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa tana Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600 daga nan. Abin da nake tsoro shi ne ranar da za ki ji ƙullutu bayan shekara uku, zuciyarki ta ce miki ai kitsen nan ne, ki zauna.

Ƙungiyar likitocin gyaran jiki ta Faransa, a shawararta ta 2011, ta keɓe wannan aikin na ƙawa ga matan da ba su kai shekara 35 ba, waɗanda su da danginsu ba su da tarihin dajin nono, da sharaɗin a yi hoton nono kafin aiki a tabbatar lafiya yake, a kuma sake wani bayan shekara guda. Shekarunki suna bakin iyaka, ga kuma rasuwar innarki da ƙuruciya. Inna ɗaya ba ta nufin kin gaji cutar, amma ta isa ta sa likita mai tsoron Allah ya tsaya ya binciki dangi kafin ya sa bututu a ƙirjinki. Asibitin da ya ba ki rana ta WhatsApp ba tare da ya tambayi tarihin danginki ko ya nemi hoton nononki ba, ya riga ya nuna miki irin aikinsa.

Game da shayarwa, tun da ba a taɓa hanyoyin ruwan nono, mace takan shayar lafiya bayan dashen kitse. Aikin ɗaga nono ne ke iya rage ruwan ko jin kan nono. Amma ba ki faɗa mini ko kin gama haihuwa ba, kuma a shekara 33 a garin nan da wuya a ce an gama. Sabon ciki zai sake kumbura nono ya sake saki, ya rushe abin da aka kashe wa dukiya. Ƙa'ida ita ce a jira aƙalla wata shida bayan yaye, shawarata kuwa a jira har sai ke da maigida kun yanke cewa kun tsaya.

Cewa kitsen naki ne yana nufin abu ɗaya tak: jiki ba zai ƙi shi ba, kuma kin kuɓuta daga matsalolin jakar silikon, wadda kan taurare ko ta fashe ko ta bukaci canji bayan shekaru. Sauran haɗurran tiyata suna nan yadda suke. Akwai na maganin barci, akwai zubar jini, akwai ƙwayoyin cuta, ciki har da wasu masu taurin kai dangin na tarin fuka da ke bayyana makonni bayan aiki, su yi ta ɗurar ruwa, maganinsu kuma na watanni ne. Bututu na iya huda huhu, kodayake ba kasafai ba. Jini na iya daskarewa a jijiyar ƙafa gudan ya tafi huhu, kuma doguwar tafiya a zaune, jirgi zuwa Yamai sannan bas ta wuni guda zuwa Maradi, tana ƙara wannan haɗarin, haka ma ƙwayoyin tazarar haihuwa masu sinadarin istirojin. Wurin da aka zuƙe na iya zama tudu da kwari. Idan aka yi miki tayin a haɗa da cika mazaunai a rangwame, ki ƙi, domin can akwai manyan jijiyoyin da kitse ke iya shiga ya toshe huhu nan take, kuma shi ne aikin ƙawa da ya fi kowane suna wajen kisa. Kafin kowane irin aiki sai an auna yawan jininki, tun da ƙarancin jini ya yi wa matanmu katutu, an duba sikila, hawan jini da suga. Kuɗin kuwa lissafin miliyoyin sefa ne idan an haɗa jirgi, masauki da mai rakiya, kuma ki sa a ranki cewa in matsala ta taso, wanda ya yi aikin yana wata ƙasa.

Akwai abubuwan jinya da takardar da za a ba ki a can ba za ta ambata ba, domin ba su san rayuwarmu ba. Makonni huɗu zuwa shida na farko ba a son komai ya danne nono, saboda matsi yana kashe kitsen da bai gama kamawa ba. To zanen goyo daidai kan wurin ake ɗaure shi, kuma yaron da aka yaye wata takwas da suka wuce bai daina neman baya ba. Daka, jan guga da kwanciya rub da ciki duk sai an ajiye su. Al'adarmu ce in wuri ya kumbura a gasa shi da ruwan zafi a murza da man kaɗanya, kuma iyaye mata za su matsa a yi, amma a nan gashi da tausa ɓarna suke yi, fatar ma ba ta ji sosai a lokacin, tana iya ƙonewa ba ki sani ba. Cikin da cinyoyin da aka zuƙe kuwa akasin haka ne, riga mai matsewa ake sa musu dare da rana na makonni, wadda a zafin watan Afirilu da Mayu na Maradi azaba ce. Ba a kuma son rama a watanni ukun farko, don haka gab da azumi ko tsakiyar damina, lokacin da sauro ke tashe, ba lokacin aikin ba ne.

Dole in ja kunne a kan abin da ake yi da sunan wannan aiki a ɗakunan kwalliya. Na taɓa karɓar wata yarinya da ba ta kai 25 ba, wadda aka yi wa allurar wani ruwa a nono a wani gari, aka ce mata kitse ne. Ta zo da nonuwa masu tauri kamar dutse suna zubar da mugunya, abin da muka iya yi kawai shi ne mu yi ta yankewa, kuma ba ta fita da rabin abin da ta shiga da shi ba. Kitsen dashe ba ya zuwa a kwalba, ba a kuma ɗaukar na wani a sa wa wani. Duk abin da aka zuƙo daga kwalba ba kitse ba ne, sau da yawa silikon ne mai ruwa ko wani mai, kuma tun da Robert Gersuny ya fara allurar farafin, wani irin kaki, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 1899 likitoci ke ganin irin wannan ƙarshe. Su kuma ƙwayoyin sa ƙiba da ake sayarwa a kasuwa, da yawansu suna ɗauke da dekzametazon, mai kumbura fuska da ciki, ya jawo suga da hawan jini, ya hana rauni warkewa. Wasu mayukan sa fari ma irin sinadarin ke cikinsu. Mai shan ƙwayoyin kada ta daina lokaci ɗaya ba tare da likita ba, kada kuma ta ɓoye wa mai sa ta barci. Hulba da kunun gyaran jiki na iya ƙara ƙiba, amma babu abin sha ko na shafawa da ke mayar da fatar da ta saki.

Ba ki tambayi hukuncin addini ba, kuma fatawa ta malamai ce, amma na san zai zo miki a rai. Malamai suna bambanta gyaran aibi da canza halitta don ƙawa, suna kafa hujja da Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na 2007 a Maleshiya, ta halatta sake gina nonon da aka cire, da gyara wanda girmansa ko ƙanƙantarsa ta kai ga cuta, ta kuma hana tiyatar da son rai ne kawai ya kawo ta. Inda zubewar bayan haihuwa ta faɗa, ki kai wa malamin da kika amince da iliminsa, ki kuma faɗa masa haɗurran kamar yadda na faɗa miki.

Matan da na ga aikin nan ya fi yi wa rana su ne wadda aka cire wa ƙari wurin ya lotsa, da wadda nononta ɗaya ya fi ɗaya girma a bayyane, da wadda ƙuna ta ja wa fata, sai kuma mai ƙaramin nono da bai zube ba, mai isasshen kitse a cinya ko kwiɓi, mai nauyin da ba ya hawa da sauka, wadda ƙarin lamba ɗaya ya ishe ta. Siririya ba ta da abin ɗiba, kuma yin ƙiba da gangan don a samu kitse aikin banza ne, domin da ta koma jikinta na asali zai tafi.

Ƙanwata, abin da nake so ki fara yi bai bukaci fasfo ba. Ki zauna da mahaifiyarki ki tambaye ta duk matan dangi, na wajen uwa da na wajen uba, da suka yi ciwon nono ko na ƙwan mahaifa, da shekarun da kowace take da su lokacin. Ki kai wannan bayanin wurin likitan mata, ya duba nonon da hannu, ya rubuta miki eko, shi ne kuma zai yanke ko ana bukatar mamogirafi a shekarunki. Lokacin da ya fi dacewa da dubawar shi ne kamar mako guda bayan fara al'ada, sa'ad da nono ya saki. Ki roƙe shi ya duba cibiya da tsokar ciki a zama ɗaya, ya kuma auna jini. Kafin nan ki samu rigar nono daidai jikinki, mai faɗin maɗauri, domin yawancin matan da nake gani suna sanye da wadda ba lambarsu ba. Ranar da za ki je, ki tafi da kwalayen duk ƙwayoyi da mayukan da kike amfani da su, har da waɗanda aka saya a kasuwa, likitan ya karanta abin da ke jikinsu da idonsa.